Laima Mai Fuka-fuki

Shekara biyu Ishatu mai ɗinki tana gaya wa matan layinsu a Tudun Wada cewa ɗanta Kailani a sashen laima yake aiki a soja. Haka ya faɗa mata, ita kuma ta ƙarasa sauran da kanta: ai masu riƙe wa manya laima ne in rana ta take. Aikin ba na taƙama ba ne, amma ƙafafunsa na ƙasa, kuma abin da take so ke nan. Mahaifinsa kafinta ne, daga rufin wani bene a Kwangila ya faɗo, ko shurawa bai yi ba. Tun ranar ta hana Kailani hawa ko da bishiyar mangwaro.

Ranar Laraba ya zo hutu. Yana fita gaida dangi ta zaro kakinsa daga jaka za ta wanke, sai ta ga wata 'yar alama a ƙirji ta fara ɓallewa. Laima ce, ta gane. Amma ba ta da sanda, sai igiyoyi, ga kuma fuka-fuki dama da hagu. Me ya haɗa mai riƙe laima da tsuntsu?

Ta yafa mayafi ta nufi shagon Malam Nagoda, tsohon sojan da ke gyaran rediyo a bakin layi.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya gyara tabarau. "Masha Allah! Yaronki ya samu fuka-fuki? Ba kowa ake ba wa ba. Sai wanda ya yi ta dirowa da laima daga jirgin sama."

"Jirgin yana ƙasa?"

Ya fara dariya, da ya ga fuskarta sai dariyar ta maƙale.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta zauna da rigar a cinya, reza a hannu za ta ɓalle alamar. A haka Kailani ya same ta bayan la'asar. Ya dubi rigar, ya durƙusa.

"Inna, ban yi miki ƙarya ba. Laima ce."

"Rufe min baki. Sau nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Ta runtse ido. Sau goma sha ɗaya yana tsakanin sama da ƙasa, ita tana nan tana yanka atamfa tana yi wa mata kuri.

"Akwai saura?"

"Ranar Litinin." Ya sunkuyar da kai. "In kin ce in bari, zan nemi a sauya min sashe. Amma wallahi, Inna, ban taɓa iya wani abu kamar yadda na iya wannan ba."

Ta san zai bari. Ta kuma san yaron da ta hana hawa mangwaro, yadda yake tsayawa a gindi yana kallon 'yan uwansa a sama.

"Wa ke duba ɗinkin laimar?"

"Akwai masu dubawa, Inna. Kowane zare."

Ta daɗe tana kallon rezar kafin ta ajiye. Ta zura zare a allura, ta ninka shi huɗu. Ta zagaye alamar da ɗinki sau uku, ta ɗaure, ta ja da ƙarfi ta gwada.

"Ungo," ta ce. "Wannan dai ba za ta faɗo ba."