Ɗiyar Fari a Hanyar Fadama

Ni dai tun ranar da aka kawo Mansura goyon ciki na san za a yi ta. Tamba taubashiyata ce, tare muka tashi a nan Argungu, na san halinta kamar yunwar cikina. Mansura ɗiyarta ce ta fari, kuma kunyar ɗan fari irin ta Tamba ban taɓa ganin mai ita ba. Ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ko tuwo za ta ba ta sai ta dire kwano ta ce wa bango ga abinci nan. Kakarta ce ta raine ta, tsohuwar kuwa Allah ya yi mata rasuwa bara. Shi ya sa da ciki ya shiga wata bakwai babu inda za a kai yarinya sai ɗakin uwarta.

Mijinta Kalilu ne ya kawo ta daga Birnin Kebbi, tare da maƙwabciyarsu ta unguwar Badariya, wata nas mai suna Caroline. Ita ke yi wa Mansura awo, kuma kullum da safe tare suke ɗan zaga unguwa, don in yarinyar ta cika zama ƙafafunta kumbura suke yi, baya ya riƙe. Caroline ta zauna a tabarma ta yi wa Tamba bayani dalla-dalla. Kada a bar ta tana wuni a kwance. Ta riƙa takawa da sanyin safiya, a hankali, da ruwan sha a hannu, a dawo kafin rana ta buɗe. Ban da daka, ban da ɗaukar kaya. Sannan ta faɗi wanda ta ce ya fi duka: kada ta fita ita kaɗai, kuma mai rakiyar ta riƙa jan ta da hira. Muddin tana tafiya tana iya magana, lafiya lau. Da zarar numfashi ya hana ta ƙarasa zance, ko ta ji jiri, ko mara ta ɗaure, a tsaya nan take.

Tamba na can gefe tana tsince shinkafa kamar ba da ita ake ba. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, na kwashe da dariya na ce baiwar Allah, hira tsakanin Tamba da ɗiyar fari ai sai ranar da tarwaɗa ta hau tudu kiwo. Caroline ta ɗauka wasan taubasai ne kawai. Ta karɓi wayata ta sa mini lambarta, suka koma.

Ba don gwiwata ba da ni zan yi rakiyar, to sanyin ƙashi ya ci ni, ga kaskon kifi da ba ya jiran kowa. Tamba ta ɗauki aikin, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta taɓa fashi ba. Son yarinyar nan take yi kamar ta haɗiye ta. Ita ke tashi tun asuba ta dama mata kunu, ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu. Amma tafiyar tasu, wayyo! A bakin hanyar da ta gangara fadama nake suya, kullum ta gabana suke wucewa. Tamba a gaba da dogon takunta na matar manomi, Mansura can baya tana jan ciki, wanda bai sani ba sai ya rantse ba su san juna ba.

Na yi magana har na gaji. Na ce Tamba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, nas cewa ta yi a jera a yi hira. Ta harare ni ta ce su da suka haihu suna daka suna surfe, wa ya yi musu hira? Na tare Mansura na ce ta riƙa cewa a rage sauri. Ta sunkuyar da kai ta ce Gwaggo ba komai, tana iyawa. Haushi ya kama ni, don na ga ita ma ta gado.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, ana cirar albasa. Tamba ta ce tunda dai fita za a yi, bari ta kai wa 'yan ƙwadagon gonarsu fura. Jiran furar ya sa ba su fita ba sai da hantsi ya ɗaga, gonar kuwa tana can cikin fadama, ta ninka inda suka saba juyowa. Da suka wuce ni na ga ruwan gorar Mansura bai kai rabi ba. Na ɗaga murya na ce rana fa ta yi, Tamba ta yi kunnen uwar shegu.

Na sauke kasko na farko, na sauke na biyu, shiru. Zafi ya fara tashi daga ƙasa, ina juya kifi idona na kan hanya. Can sai ga Tamba ta ɓullo da ƙullin lawashi a ka, tana tafe tana sharce gumi.

Na ce, "Ina yarinyar?"

Ba ta waiwaya ba. Ta yi nuni da baki ta bayan kafaɗarta, ta ce, "Ta nan tahe."

Na leƙa bayanta. Hanya ce fetal har inda ido ya tsaya, ko akuya babu.

"Tamba, babu kowa bayanki."

Ta juya a hankali, ƙullin ya zame daga kanta ya watse a ƙasa. Ban taɓa ganin Tamba tana gudu ba sai ranar. Ni ma na bar kifi a wuta na bi ta ina ɗingishi, na manta da wata gwiwa. A raina ina ta faɗin Allah ka rufa mana asiri, cikin fari ne, ka bar mata abinta.

Mun same ta a bakin wata magudanar ruwa da ta bushe, zaune cikin tsakar rana, ta jingina da tarin buhunan albasa. Hannayenta biyu na riƙe da mara, leɓɓanta sun yi fari, gorar na gefe babu ko ɗigo. 'Yan ƙwadagon wata gona na hango ta daga nesa, sun ɗauka hutawa take yi, kuma matar aure ce, wa zai matso? Na durƙusa na kira ta, ta buɗe ido da ƙyar. Ta ce cikin ɗaurewa yake yana saki, kuma tun ɗazu ba ta ji motsi ba. Da na gyara mata zane na ga ɗan jini a jiki.

Nan take na kira Caroline, na buɗe muryar wayar kowa na ji. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce a kai ta inuwa, a kwantar da ita ta gefen hagu, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan in tana iya haɗiya, a jiƙa mata wuya da fuska, a nemi mota zuwa asibiti yanzu-yanzu. Sannan ta ce wa Tamba, "Mama, ke kike tare da ita. Tun daga ina ta daina magana?"

Tamba ta juyo ta dube ni. Caroline ta sake tambaya. Ni na karɓe na ce a bar wannan tukuna, ga mota can.

Maigandi ne, mai a-kori-kura, yana lodin albasa a gonar gaba. Allah ya saka masa, ko tambaya bai yi ba, ya sa aka sauke buhunan da aka riga aka ɗora, ya miƙo jarkar ruwansa. Muka shimfiɗa buhuna marasa komai muka kwantar da ita, na cire mayafina na yi mata rumfa. Kafin Caroline ta kashe waya ta ce ga su nan tafe ita da Kalilu, kuma kada mu bari ta yi shiru, a yi ta jan ta da magana har a isa.

Hanyar fadama kuwa duk gargada ce. Kowane rami motar ta faɗa sai Mansura ta cije leɓe, ni kuma in ji kamar cikina aka taka. Ina riƙe da mayafi da hannu biyu, ina ta zuba, labarin kifi, labarin bikin wance, duk abin da ya zo bakina. Tun tana amsawa da "uhm" har ta daina, idanunta suka fara lumshewa. Na daka wa Tamba tsawa, wadda ta takure a ƙarshen mota tana kallon albasar da ta gangaro. Na ce in kunya za ta haifa miki jika to zauna nan, in kuwa ba haka ba taso ki yi wa ɗiyarki magana, muryata ta saba da ita, taki ce za ta tashe ta.

Ta matso da gwiwa. Ta rasa ta inda za ta fara, abin tausayi, mace mai furfura. Daga ƙarshe ta tambaye ta ko kunun safe ya yi tsami da yawa. Mansura ta buɗe ido tangaran, ta dube ta kamar ta ga baƙuwa, ta ce a'a, ya yi daidai. Tamba ta ce gobe na gyaɗa za ta dama. Ta tambaye ta ko tana son na gyaɗa. Shekara ashirin da wani abu, ba ta san ko ɗiyarta na shan kunun gyaɗa ba. Haka suka yi ta yi, tambaya ɗaya amsa ɗaya, har muka hau kwalta.

A asibiti aka shige da ita, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Wata malamar asibiti ta shafa mata wani abu mai santsi a ciki, ta ɗora 'yar na'urar da ake jin bugun zuciyar jariri. Ta sa nan, sai shuuu kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta matsa can, shuuu. Ta canza gefe, ta danna, ta ɗan yamutsa fuska. Ni dai salati nake yi a ɓoye, Tamba ta kama ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta sun fito. Matar ta gangara ƙasa da cibiya ta tsaya. Sai ga shi, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar ana tafi. Na zauna a ƙasa na yi kuka ba kunya.

Likita ya ce zafi ne da ƙishirwa da wahalar tafiya suka tayar da ciwon mara, kuma Allah ya sa an zo da wuri. Za su riƙe ta su ga jinin ya tsaya. Tafiya kuwa an dakatar sai ya duba ya ba da izini, in ma an koma, to yadda nas ta faɗa tun farko. La'asar ta kusa Kalilu da Caroline suka iso. Caroline ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta dai duba Mansura, ta ja Kalilu suka tafi wurin likita.

Muka rage mu uku. Tamba na zaune a bakin gado, ta ba ɗiyarta rabin baya kamar yadda ta saba, tana yi mata fifita da murfin kwali. Da Mansura ta yi magana, muryarta can ƙasa take.

"Inna, na kira ki. Wajen buhunan nan, da na ji ƙafata ta ƙi. Na ce Inna."

Na yi sauri na ce ai iska ce, fadama ba a jin kira, don in rufa wa taubashiyata asiri. Fifitar ta tsaya. Tamba ta juyo gaba ɗaya, ta dubi yarinyar cikin ido, hawaye na bin kuncinta.

Ta ce, "Na ji ki. Maza na kallo, shi ya sa ban waiwaya ba."