Kaye Goma Sha Bakwai na Yaya Sharfaddeen

Yayana Sharfaddeen shi kaɗai ne a gidanmu na Djougou ya ƙi goro. Kakanninmu da fataucinsa suka zo garin, ni Lauratu har yau shi nake sayarwa, shi kuwa ya tafi Parakou yana koyar da kimiyyar fizik a jami'a. Ba ma irin na gyaran waya ko lantarki ba, da zai amfane mu. Nasa lissafi ne zalla a kan abubuwan da ido ba ya gani.

Nakan sauka wurinsa a unguwar Albarika idan na je saro kaya. Kullum da safe sai ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya duba wata lamba, ya rufe.

Na ce, "Yaya, wai me kake leƙe haka kamar mai jiran haihuwar akuya?"

Ya ce, "Kin san yadda malami kan ce, na karɓo wannan daga wane? Mu ma haka muke. Duk wanda ya ɗora a kan aikina sai ya ambace ni, na'ura ta ƙirga."

"To nawa ne?"

"Tara."

Shekara ashirin, maƙala goma sha huɗu, mutum tara. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ni kafin azahar mutum tara sun ambace ni a kasuwa. Shi ma ya yi dariya, ya ce in bari babban aikin ya fito. Wallahi wannan dariyar tawa tana ci mini rai har yanzu.

Hawan jini ya ɗauke shi bara, bai yi aure ba, bai bar kowa ba sai ni. Bayan sadakar arba'in na je kwashe ɗakin. Jami'a ta karɓi ordinatar da littattafan da aka buga. Aka bar mini kaye, wato littattafan rubutun hannunsa, guda goma sha bakwai a ƙarƙashin gado. Na ɗauka tsofaffin gwaje-gwaje ne, tunda a ganina duk abin kirki yana cikin na'ura.

Sai mai ƙosan bakin layi ta zo, wai in ba ta takardun ta riƙa ƙunshe wa mutane. Na buɗe ɗaya, gabana ya faɗi. Kowane shafi da Bisimilla ya fara shi da Larabci, yadda Baba ya koya mana tun muna rubutu a allo. Sunan Allah a ƙunshe ƙosai, a yar a kwata? Na kore ta, kuma ban yi mata da daɗi ba.

Na zuba su a buhu na kawo Djougou. A gidanmu takarda mai sunan Allah ba a yar da ita, ƙonawa ake yi a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Na yi alwala, na zauna a bayan gida, ina yagowa shafi-shafi ina sa wa wuta don kada iska ta ɗauki ko ɗaya. Daga hantsi har la'asar. Ina yi ina masa addu'a, zuciyata fari tas, na yi wa ɗan'uwana gata.

Wata bakwai bayan haka wata mata ta yi sallama, ta ce sunanta Soumaya, ɗalibarsa ce, daga Parakou take. Ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo mini wayarta.

"Tanti, duba. Masu ambatonsa sun kai ɗari biyu da goma sha biyu. Wasu masu bincike a ƙasar waje sun gano maƙalarsa ta 2009, yanzu kowa ita yake ambata. A ƙarshenta ya ce cikon hujjar yana tafe. Mun duba ordinatar, babu. Ya taɓa gaya mini ba ya buga komai sai ya kammala shi da hannu. Kayensa suna wurinki?"

Na miƙe. Na kama hannunta na kai ta gindin bango, na nuna mata wurin, na gaya mata abin da na yi. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Tanti, kin duba su kafin ki ƙona?"

"Kowane shafi, 'yata. Ɗaya bayan ɗaya."

"Ya gama? Akwai inda ya ja layi, ko ya rubuta fin, wato ƙarshe?"

Na ce kaye na ƙarshe cike yake har bango, kuma a shafin ƙarshe, ƙasa da lissafin, akwai kalma ɗaya da na iya karantawa: Alhamdulillahi.

Ta sa fuskarta cikin mayafi. Ya gama ke nan. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ga aikin Yaya daga farko har ƙarshe, ni ce, mai goro.