Gurbi Ɗaya, Samari Biyu

Tun da Koci ya shigo filin ƙwallon kwando da yammacin nan ya san ba zai koma gida da daɗin rai ba. Gasar matasa ta matso, mutum sha biyu kaɗai ake yarda kowace ƙungiya ta kai, shi kuwa yana da sha uku da suka cancanta. Sha ɗaya babu gardama a kansu. Gurbi ɗaya ya rage, samari biyu suna nemansa, kuma ya riga ya yi musu alkawari yau za a yi ta ta ƙare.

Na farko shi ne wanda 'yan ƙungiya ke kira Kafinta, saboda daga shagon kafinta yake zuwa atisaye, garin katako duk a gashinsa. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, gudunsa ma ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Amma in ƙwallo ta bugi allo ta dawo, sai ka ce kiranta ya yi, a hannunsa take sauka. Na biyun kuwa Auta ne, ɗan yayar Koci uwa ɗaya uba ɗaya. Auta gajere ne a cikin 'yan wasa, amma kafin ka ƙifta ido ya wuce ka. A gida yana ce masa Kawu, a fili kuwa Koci, haka suka yi yarjejeniya tun ranar da ya fara zuwa.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, yau Yaya, mahaifiyar Auta, da kanta ta zo. Daga asibitin da take aikin jinya ta biyo, ko fararen kayanta ba ta cire ba, ta zauna a bencin siminti da jakarta a cinya. Ita ta raini Koci bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfura a gemunsa in ta yi magana sai ya rage murya.

"Kallo na zo, ƙanena," ta ce da ya je gaishe ta. "Kada ka dube ni, ka yi aikinka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya koma ya hura usur.

Aka fara kamar kullum. Ya jera robobi a tsakiyar fili, kowa ya ratsa su yana buga ƙwallo da hannun da bai saba ba, ido a sama. "Ƙasa ba ta bin ka bashin kallo, ɗaga kai!" ya daka wa wani tsawa. Auta ya ratsa robobin kamar ruwa. Kafinta ya ture guda biyu, ya koma ya gyara su da kansa, ya sake daga farko ba tare da an ce masa ba. Daga nan aka shiga miƙa ƙwallo mutum uku-uku, ka miƙa ka zagaya bayan wanda ka ba, har a isa kwando. Sai gudun layi, wanda kowa ya tsana: ka taɓa layin kusa ka dawo, ka taɓa na tsakiya ka dawo, ka taɓa na ƙarshe. Gumi ya jiƙa riguna, wasu suka dafa gwiwa suna haki. Kyaftin ɗin ƙungiya, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce in an ci gaba da haka gasar ma a kan gadon asibiti za su buga ta, gara da Hajiya mahaifiyar Auta tana kusa. Aka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba. Kowa ya san abin da ya rage.

Koci ya ɗauki ƙwallo ya tsaya a gefen kwando.

"Kafinta, Auta, ku fito. Zan buga ta a allo. Wanda ya cafe ya jefa, ɗayan ya tare. Ba turi da hannu, ba jan riga. Ni zan ce ya isa."

Sauran suka ja baya suka yi da'ira. Filin ya yi tsit, sai ƙarar takalma a kan siminti.

Jifan farko Kafinta ya tashi sama ya cafe, ya juya ya saka. Na biyu ƙwallon ta yi nisa, Auta ya riga shi, ya yi kamar zai bi dama ya bi hagu, ya saka. Yaya ta tafa sau ɗaya, sai ta tuna kallo kawai ta ce ta zo, ta mayar da hannu kan jaka. Aka ci gaba, wannan ya ci, wannan ya rama. Sai dai da tafiya ta yi nisa gajiya ta fara cin ƙafafun Auta, tsawon Kafinta kuma ba ya gajiya. Ya cafe, ya sake cafewa, ya sake. Koci yana ganin fuskar ɗan yayarsa tana canzawa, haƙoransa a cije, yana satar kallon benci.

Ya sake buga ƙwallon a allo. Kafinta ya tashi. Auta bai tashi ba. Koci yana tsaye taku kaɗan daga gare su, ya ga yaron ya sunkuyar da ido ƙasa, ya auna inda Kafinta zai dira, ya zura ƙafarsa ta dama daidai wurin.

Ƙarar da idon sawun Kafinta ya yi ba ta da ƙarfi, amma Koci ya ji ta sarai. Saurayin ya zube, ya riƙe ƙafa da hannu biyu, bai yi ihu ba, sai wani nishi da ke fita ta tsakanin haƙora. Ƙwallon ta gangara can gefe, ba wanda ya bi ta.

"Ku ba shi iska! Ku matsa!" Yaya ce ta ratso da'irar. Ta durƙusa a siminti da fararen kayanta, ta kwance igiyar takalmin a hankali. Ƙafar har ta fara kumbura. "Sannu ɗana, sannu. Kada ka motsa ta. Kai, ruga shagon can ka samo ƙanƙara. Auta, me kake kallo? Zo ka riƙe masa kafaɗa."

Auta ya zo ya riƙe.

"Tsautsayi ne," in ji Kyaftin. "Kan ƙafar Auta ya sauka. Yana faruwa."

Kowa ya gyaɗa kai. Koci ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya gane ba wanda ya ga abin da ya gani. Duk idonsu yana sama wajen ƙwallo. Shi kaɗai ne aikinsa kallon ƙafafu. In ya yi shiru, maganar ta mutu a nan: Kafinta ba zai iya wasa ba, gurbi ya zama na Auta, ba mai cewa an yi son kai. Ya dubi Auta, Auta ya kau da kai.

A motar Koci aka kai Kafinta asibitin da Yaya take aiki, Yaya a baya ta ɗora ƙafar a cinyarta, Auta a gaba ya ƙura wa titi ido. Yaya ta tambayi Kafinta ko a kira mahaifinsa. Ya ce a bari tukuna, tsohon yana da hawan jini. Sannan ya tambaya a hankali ko zai iya tsayuwa a shago, don akwai ƙofofin da aka ba su aiki. Yaya ta ce a bari a ga hoto.

Aka shiga da shi ɗakin hoton ƙashi. Su uku suka rage a baranda, kan dogon benci, ƙamshin maganin goge ƙasa ya cika wurin. Wata mai shara ta wuce da bokiti ta gaida Yaya.

"Allah ya sa targaɗe ne kawai," Yaya ta ce. Ta numfasa. "Ba haka na so Auta ya samu wurin nan ba, wallahi."

"Bai samu ba, Yaya."

Ta juyo. "Ban gane ba."

Koci bai dube ta ba, yaron ya duba. "Auta, kai za ka faɗa mata ko ni?"

"Kawu, ni fa..."

"Ka duba ƙasa kafin ka sa ƙafar. Ina tsaye a gabanka."

Yaya ta miƙe tsaye. "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ɗana ne fa. A hannunka ya girma. Mutum nawa ne a filin nan, duk ba wanda ya gani sai kai?"

"Ina ma ban gani ba, Yaya."

"To ka yi kuskure. Ido yana ƙarya. Auta, buɗe baki ka ce masa ya yi kuskure."

Auta ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Koci ya fara fatan yaron ya musa, ko don ya samu abin riƙewa. Can sai muryar Auta ta fito.

"Tsorata shi kawai na so yi, Mama. Ya daina tashi haka. Ban zaci zai karye ba."

Yaya ta tsaya kamar an dasa ta. Ta ɗaga hannu, Koci ya zaci mari za ta kai, sai ta dafe bango da shi. Da ta yi magana ba ɗanta ta duba ba.

"Da ka bari mun je gida. Sai a wurin aikina?"

Kafin ya amsa aka buɗe ƙofa. Likita ya ce ƙashin ya tsage amma bai rabu ba, za a sa filasta, kuma ba tsayuwa a kan ƙafar sai bayan makonni. Yaya ta gyara ɗankwalinta, ta goge fuska, ta bi likitan ciki. Da hannunta ta taya aka naɗe ƙafar.

Washegari da yamma Koci ya tara 'yan wasa a tsakiyar fili ya ce mutum sha ɗaya za su je gasa. Kyaftin ya ce, "Koci, Auta fa?" Ya ce Auta ba zai je ba, kuma in akwai bayani daga bakin Auta za su ji, ba daga nasa ba. Aka yi ta kallon juna. Ya hura usur aka hau gudun layi.

Auta ya yi bayanin, amma ba a fili ba. Yaya ce ta tasa shi gaba har gidan su Kafinta, ta tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da bakinsa a gaban uban yaron. Tsohon ya ce Allah ya kyauta, ya shige ɗaki. Kafinta ya saurara har ƙarshe, ƙafarsa a kan matashi, sannan ya ce ya ji, amma a ƙyale shi tukuna, ba zai iya cewa komai yanzu ba.

Ƙungiyar ta je gasa, aka fitar da ita a wasa na biyu. Sun rasa mai cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwando, sun rasa mai gudu, kuma wasu iyayen ba su ɓoye wa Koci ra'ayinsu ba. Yaya ta daɗe ba ta ɗaga wayarsa. In ya je gidan takan amsa gaisuwa, ta sa a kawo masa ruwa, ta ce tana da aikin safe.

Bayan makonni Kafinta ya dawo fili da ƙafa a ɗaure da bandeji, yana jefa ƙwallo daga tsaye, ba tsalle. Ana cikin haka wata rana Auta ya bayyana a bakin waya da takalmansa a hannu, bai shigo ba. Koci ya bar shi a tsaye har aka gama ratsa robobi. Sannan ya je wurin Kafinta ya tambaye shi a hankali, don ba ya son ya yanke wannan shi kaɗai.

Kafinta ya juya ƙwallon a hannunsa, ya daɗe yana kallon bakin wayar.

"Ya shigo," ya ce. "Amma kada ka haɗa ni da shi, Koci. Ba yanzu ba."

Koci ya ɗaga hannu ya yafito yaron, ya nuna masa ɗaya gefen filin.