Wushiryar da Na Toshe

Shekara ashirin da shida ina haɗa haƙora, amma masu haƙoran da na taɓa gani ido da ido ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗakin aikina yana can ƙuryar asibitin haƙori, bayan ma'ajiya, babu taga sai wata tsohuwar fanka mai kuka. Likita ce ke ganin mutane. Ni abin da ke iso ni awon baki ne a cikin leda, da 'yar takarda mai lamba. In na zuba filasta a cikin awon, sai bakin mutum ya fito fari fat a tafin hannuna, ba leɓe, ba harshe, ba surutu. In faɗi gaskiya, a haka na fi son mutane.

Lamba ɗari huɗu da tara ta zo wata ranar Talata. Haƙoran gaba biyu na sama babu su. Likita ta kankare na gefensu sun koma 'yan turaku, ta rubuta mini kalma ɗaya: gada. Haka muke kiran aikin. Haƙoran tangaran ne a jere, manne da juna, na gefen nan da na gefen can su hau kan turakun kamar hula, na tsakiya su cike giɓin.

Da na auna giɓin sai na ga ya fi ƙarfin haƙora biyu da kamar kaurin tsinken ashana. Ko tsayawa tunani ban yi ba. Na ƙara wa kowane haƙori faɗi kaɗan, na gasa, na goge, suka fito reras, ko zare ba zai ratsa tsakaninsu ba. Na daɗe ina juya su a ƙarƙashin fitila ina yaba kaina.

Bayan sati biyu aka ƙwanƙwasa ƙofata, abin da ba a saba ba. Likita ce, ga wani ƙaton mutum a bayanta, ya cire hula yana murza ta.

"Baba, ga mai ɗari huɗu da tara. Direban bas ne. Ya ce sai ya ga wanda ya yi aikin."

Nan take raina ya ɓaci, don ba a neman mai haɗa haƙora don a yi masa godiya.

"Suna yi maka ciwo ne?" na tambaye shi.

"A'a, Malam."

"Suna motsi? Ko launin ne bai yi ba?"

"Ko ɗaya. Wallahi sun yi kyau. Sai dai ba nawa ba ne."

"To da ma ai ba naka ba ne. Naka ina ka baro su?"

"Jikin sitiyari," ya ce, bai ko ji haushi ba. Ya nemi izinin zama, na tura masa kujera da ƙafa.

Sai ya ba ni labari. Innarsa ta tsufa, shekara uku ke nan mantuwa ta kama ta. Ta manta mijinta ya rasu, ta manta hanyar banɗaki a gidan da ta yi shekara arba'in, yayarsa da ke kwana da ita ma wani lokaci ma'aikaciyar jinya take ɗaukarta.

"Ni kaɗai na rage mata, Malam. Ni ɗin ma in na shiga sai ta ƙura mini ido kamar baƙo. Amma da na yi dariya, shi ke nan, ta gane ni. Wata huɗu ke nan da na yi hatsarin. Da ta gan ni da giɓi, tsorona ta ji. Na ce ba komai, in aka sa haƙora za ta dawo. Ranar da aka sa mini waɗannan ko gida ban biya ba, wurinta na wuce. Na durƙusa gabanta na washe baki har kumatuna suka yi tsami. Ta ja mayafinta ta ce da yayata, ki ba baƙon nan ruwa."

Ya ciro waya ya miƙo mini. Hotonsa ne jingine da bas, yana dariya da dukan fuskarsa. Ga ta nan tsakiyar haƙoran, wushirya, daidai kaurin tsinken ashana.

Kunya ta rufe ni. Awon bai yi mini ƙarya ba, ya nuna mini gurbinta ƙuru-ƙuru, ni ne na ɗauke ta aibi na toshe. Mu a wannan sana'a haka idonmu yake, duk inda muka ga rata sai hannunmu ya yi ƙaiƙayi. Ban taɓa tambayar kowa yadda bakinsa yake a da ba. Wa zan tambaya, filasta?

Likita ta yi masa bayani a hankali. Cire gadar ba wuya, da gam na wucin gadi ta kafa ta. Matsalar ita ce gada ba ta rabuwa a tsakiya, haɗin nan shi ne ƙarfinta. Ta ƙara da abin da ni ban iya faɗa ba. "Kuma ka sani, ciwon Inna ba a bakinka yake ba. Muna iya yin komai daidai, ta ƙi gane ka."

"Na sani, Likita. Amma in ban gwada ba, ba zan yafe wa kaina ba."

Akwai wata tsohuwar dabara da na koya wurin maigidana, ban taɓa yin ta ba. A raba haƙoran tsakiya, a haɗa su ta baya da siririn ƙarfe lanƙwasasshe wanda zai kwanta jikin ganɗa, inda ido ba ya kai wa. Na gaya masa abinci zai riƙa maƙalewa, harshensa zai yi wata guda yana tuntuɓe da ƙarfen, kuma kullum sai ya wanke ƙarƙashinsa.

"Ko ƙusa ce ku sa," in ji shi.

Kwana biyar na yi a kan aikin, hoton nan da ya wanko mini a takarda yana jingine da gwangwanin burushi. Ashe ɓata abu da gangan ya fi gyara shi wuya. A hoton haƙorinsa na dama ya ɗan karkace, na hagu kuma gefensa ya ɗan ɓantare. Sau biyu ina gamawa in duba, in ga hannuna ya miƙe su ba da sanina ba. Na zagi hannun, na zagi fankar, na fasa na sake. Na ukun ya fito da karkacewarsa da ɓantarewarsa da launin mai shan shayi. Da maigidana zai tashi ya gani, da ya ce ban koyi komai ba.

Ranar sakawa Likita ta sa aka kira ni, ko za a buƙaci gyara. Ba a buƙata ba, gadar ta zauna daram. Ta miƙa masa madubi, ya ture shi.

"Suna waje," ya ce. "Yaya ba ta sami wanda za ta bar wa Inna ba, sai suka biyo ni."

Na bi shi ɗakin jira, ni da ko hanyar wurin ban cika sani ba. Tsohuwar tana cikin keken marasa lafiya kusa da taga, 'yar ƙarama, duk ta shige cikin mayafi, tana tsintar wani zare a cinyarta. Yayar tana tsaye bayanta riƙe da jakar magani. Akwai mutum uku a kan benci, ɗaya dafe da kumatu.

Direba ya durƙusa gaban keken. Ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Leɓensa ya rufe haƙoran ruf. Ni kuwa na tsaya gefe ina kallo, kamar ni za a yanke wa hukunci. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta waiwayi yayar.

"Ke, wannan ƙaton me ya yar a ƙasa yake nema?"

Dariya ta ƙwace masa, ta gaske, har da ƙwalla. Hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan zaren. Ta sunkuyo, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Auta?" ta ce. "Ja'iri! Ina ka shige?"

"Ga ni, Inna."

"Ga ka ina? Wata da watanni ko leƙe. Wani bawan Allah ne kullum yake zuwa da yamma, ya yanke mini farce, ya matsa mini ƙafafu, ya ba ni magani a baki. Ko sunansa ban sani ba. Shi ma fa yana da uwa, ya bar tasa ya zo yana wahala da ta wani." Ta ɗaga yatsa ta dungure masa goshi. "In ka gan shi ka yi masa godiya, ka ji ko? Ya fi ka kirki."

Yayar ta toshe baki da gefen mayafi. Direba ya kifa kansa a kan gwiwar tsohuwar, kafaɗunsa suna girgiza.

"Na ji, Inna," ya ce. "Zan gaya masa."