Kukan Matuƙiyar Kumbo

"Shafi na tamanin da huɗu," in ji Kwamared Pokorny, shugaban kwamitin tace finafinai, yana ƙwanƙwasa takardun da alƙalami. "Matuƙiyar kumbon nan taki ta zauna tana kuka. Kukan me?"

Zdenka Vrbova ta gyara zama. Shekara goma sha biyu tana rubuta littattafan tafiya sararin samaniya a birnin Prag, ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, sai bana kamfanin fim ya ɗauki labarinta. Har an gama ƙera kumbon da katako.

"Saƙo ya iso mata uwarta ta rasu," ta ce. "Shekara talatin ya yi a hanya."

"A labarin da zai faru nan da shekara ɗari biyu? Haba, Kwamared Vrbova! Lokacin an gama da talauci, an gama da cuta. Mutanen gobe ba sa kuka."

"To iyayensu fa? Kwamiti ne zai hana su mutuwa?"

Wani ya fashe da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Darakta Hanus, wanda ya sha rantse mata cewa shafin nan shi ne ran fim ɗin, ya sunkuyar da kai.

"Gyaran kaɗan ne," in ji Pokorny. "Ta karanta saƙon, ta miƙe ta yi wa abokan aikinta jawabi kan ci gaba. Sa hannu nan."

"In na ƙi fa?"

"Marubuta sun yi yawa. Kuma sabon littafinki bai fito ba tukuna."

Zdenka ta dubi takardar. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tana aikin tilas a wata masana'antar Jamus, labarin rasuwar tata uwar ya same ta bayan wata huɗu. Mai gadi bai bar ta ta saki injin da take aiki a kai ba, ko don ta yi kuka.

Ta tura wa Pokorny takardar ba tare da ta sa hannu ba.

"Ku nemo wanda ba uwa ce ta haife shi ba, ya rubuta muku."

Littafin bai fito ba. Ta koma jera littattafai a laburaren unguwa. Da fim ɗin ya fito babu sunanta, ta sayi tikiti ta zauna can baya. Matuƙiyar ta karanta saƙon, ta miƙe ta fara jawabin kamar yadda aka umarta. Amma muryar 'yar wasan na rawa, hawaye na zuba har haɓarta, kuma Hanus bai kawar da kyamara ba. Jaridu sun ce hawayen farin ciki ne.

Zdenka ta fito, ta sake shiga layin tikiti.