Ranar da Mage Ta Saki Teburi

Ni na fara gani. Na riga uwarta, na riga ubanta, na riga tsohuwata, wato matata, da ke cewa ko allura ta faɗi a gidan nan sai ta ji. Wannan ba abin musu ba ne. Da maganar ta tsaya nan, da har yau ina yawo da ita a baki.

Mage muke ce wa jikata, don tun da ta fara rarrafe ba ta da wurin zama sai ƙarƙashin kujera. Uwarta, matar ɗana, ungozoma ce a asibiti. Da sassafe take fita, sai rana ta yi sanyi take dawowa. Su suna saman bene, ni da tsohuwa muna ƙasa, a wurinmu ake barin yarinyar. Ni gini na yi har ƙarfi ya ƙare. Katanga ta taɓa rufto mini, da shebur aka tono ni, na tashi na karkaɗe riga. Na faɗo daga kan tsani likita ya ce na gama tafiya, ga ni ina hawa bene ba sanda. Ban taɓa shiga aji ba, kuma ban taɓa durƙusa wa wani ɗan Adam ina roƙonsa ba. Mai irin wannan tarihi, rainon jaririya ba zai gagare shi ba.

Ranar, tsohuwa tana shanya a bayan gida. Ina zaune a ƙasa ina goge tabarau da bakin riga, Mage tana tsaye ta rungume ƙafar teburi. Ta daɗe tana haƙon tabarau ɗin nan. Na ɗaga shi ya kama hasken taga, na ce, "Uwargida, in kina so ki zo ki karɓa. Ni ba na kai wa mace kaya har ɗaki."

Sai ta saki teburin. Ta buɗe hannuwa kamar mai tafiya a kan katako, ta jefa ƙafa, ta yi tangaɗi, ta sake jefawa, ta faɗo a ƙirjina tana dariya.

Ban ma nemi takalmi ba. Na saɓa ta a kafaɗa na fita titi. Na gaya wa mai shago. Na gaya wa mai aski da duk waɗanda ke jiran layi a bencinsa. Na leƙa wurin tela, matar nan da ke ɗinki a kusurwa, na sa ta tsayar da keke ta saurare ni. Na ce jinina ne, ba a koya mana tafiya.

Da na dawo, tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu.

"Ka gama shelar?"

"Ke baƙin ciki kike don ba ki gani ba."

"Shigo, tsohon banza, in gaya maka abin da kai ba ka gani ba." Ta rufe ƙofa. "Haƙorin farko, ni na gano shi. Zama, uwarta tana asibiti. Rarrafe, a waya ɗanka ya nuna mata. Da kunnena na ji ta tana kuka a sama, tana cewa kullum tana karɓar 'ya'yan mutane, tata tana girma a bayan idonta. Ta rantse in tafiyar ma ta wuce ta, ajiye aikin za ta yi. Aikin da ta yi wa karatu da ciki a gaba, tana amai tana bita."

Na sauke Mage daga kafaɗa.

"Ranar hutunta ta kusa," in ji tsohuwa. "Mu yi shiru, yarinya ta taka a gabanta, ta ɗauka na farko ne. Yanzu ka koma ka kwashe abin da ka zubar."

Na koma. Ni da ƙafata. Mai shago bai ba ni wahala ba, ya ce bai ji komai ba. Mai aski kuwa ajiye almakashi ya yi ya riƙe ƙugu.

"Baba Magini, sake faɗa, injin yana ƙara ban ji ba."

"Na ce don Allah ka bar maganar nan a cikinka."

"Jama'a ku shaida! Wanda katanga ta kasa, yau ga shi da don Allah. Ashe kana da ita a baki, ɓoyewa kake?"

Bencin duka ya kwashe da dariya. Na tsaya na shanye. Tela ba ta yi dariya ba, ta dube ni ta saman keke ta ce, "Baba, ni ma uwa ce. Ai da ka fara tunawa da uwarta kafin mu." Wannan ta fi ta mai aski zafi.

Da yamma surukata ta dawo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ce, "Baba, yau me ta yi muku?"

Na dubi bango na ce, "Me za ta yi? Ci da barci."

Amma fa ban zauna haka ba. Duk sanda tsohuwa ta juya baya, sai in fito da tabarau in sa Mage ta taho, don ta ƙware kafin ranar. Aikin da za a nuna wa mai shi, ai sai an daidaita shi tukuna.

Ranar hutun, muka hau sama gaba ɗaya. Tsohuwa ta riga ta sanar da ɗana, shi ya ture kujeru ya buɗe fili a falo, yana cewa wai yana jin yau akwai labari. Aka tsayar da Mage jikin teburi. Uwarta ta durƙusa nesa kaɗan, ta tafa hannu, ta kira ta. Mage ta dube ta, ta zauna daɓas. Aka sake tsayar da ita. Uwar ta kaɗa cokali, ta kaɗa makullai, ta kunna waƙa a waya. Mage ta sauka ta rarrafa ƙarƙashin kujera. Haka aka yi ta yi har rana ta take. Ni ina gefe ina ta matse hannu, don cokalin ma a ƙasa take riƙe shi, yarinya kuwa sai ta ɗaga kai take sakin abu.

Can surukata ta zauna a kan dugaduganta, ta ce a hankali, "Ƙila ba ta saba da ni ba ne."

Wallahi ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Haba 'yata, ba haka ake mata ba! Cokali ba ya tashinta. Tabarau ake ɗaga mata sama, wajen haske, sai ta saki ta taho. Kullum haka muke yi."

Tsohuwa ta runtse ido. Ɗana ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar yau ya fara ganinta.

"Kullum, Baba?" in ji surukata.

Na sunkuyar da kai.

"Su waye suka sani?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta gyaɗa kai. "Shi ya sa tela ta ƙi haɗa ido da ni jiya."

Sai ta matso, ta miƙo hannu biyu, ta ce, "Ku ara mini." Na cire na ba ta. Ba tabarau, ɗakin ya zame mini hazo. Abin da na samu kawai shi ne ƙarar ƙananan ƙafafu a kan siminti, da wata murya da ban san ko dariya ce ko kuka ba. Daga nan ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ɗana ne ya sa mini tabarau a hannu. Ni da tsohuwa muka sauko.

Washegari na zauna a bakin gado ina sauraron bene. Lokacin fitar surukata ya yi, shiru. Na ce shi ke nan, bakina ya rushe abin da yarinyar nan ta gina. Sai can na ji taku. Ta shigo da farar rigar aiki, Mage a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta rage komai daga gaisuwar ba.

"Baba, zan tafi aiki," ta ce. "Na yi tunani. Ko a gida nake, ina iya shiga wanka ta taka. Wannan na haƙura. Abin da ya tsaya mini shi ne titi duka ya san labarin 'yata, ni kaɗai aka mayar baƙuwa, har da ku a ciki." Ta ajiye mini Mage a cinya. "In ta yi sabon abu, kar a ɓoye mini. Ku faɗa mini da bakinku. Amma ni ce farko, kafin mai aski."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, abin da ya fito kawai shi ne, "To."

Yanzu Mage ta fara haɗa baki, kalma tana nan tafe yau ko gobe. An gaya mini mai aski yana cewa wai ba zan iya wuni da ita a ciki ba, sai na fashe kafin la'asar. To shi da duk mai irin ra'ayinsa, ranar su zo su zauna a ƙofar gidana, su tambaye ni ta gaba su tambaye ni ta baya. In suka ji ko tari daga bakina kafin uwarta ta shigo, su aske mini gemu a tsakiyar titi.