Janaretan Bayan Makaranta

Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. A cikin mota ya sace Injiniya Mamuda da la'asar, bai daɗe da rantsuwar zama ministan makamashi na ƙasarsu ba. Unguwar Ƙirya suka nufa, inda zai danna maɓalli ya ƙaddamar da wutar lantarki, alhali shi ya san babu wata wuta. An kafa turaku, an ja waya, amma wayar ba ta haɗu da komai ba. Hadiminsa Salele ya riga ya sa an ɓoye janareta a bayan makarantar firamare, don ƙwan lantarki ɗaya ya kama a gaban 'yan jarida.

"Haka aka gada, ranka ya daɗe," in ji Salele.

Abin ya tsaya wa Mamuda a rai, kuma da shi ya yi barci.

Sai ga shi a ƙofar wani birni mai duhu, turakun lantarki jere har iyakar gani, babu ko ɗaya mai haske. Wani dattijo mai fararen kaya ya kama hannunsa ya ce, "Zo ka gaisa da magabatanka a kujera."

Suka fara riskar wani tsoho yana rarrafe, an ɗora masa duwatsu a gadon baya.

"Baba, wane ne wannan?"

"Shi ya fara riƙe muƙamin, tun ofishin yana ɗaki guda a ma'aikatar ayyuka. Duk garin da ya je sai ya aza harsashi, bai taɓa komawa ya ɗora bulo na biyu ba. Ga harsasan nan an tattaro masa abinsa."

Gaba kaɗan wasu mutum uku suna kokawa a kan allo ɗaya, kowa da gwangwanin fenti. Wannan ya rubuta, wancan ya shafe, fentin yana tsiyaya cikin idanunsu. Dattijon ya ce na farko shi ya haɗe ma'aikatar da ta ma'adinai, na biyu ya raba su, na uku ya liƙa mata ta ruwa. Iyakar aikinsu ke nan, sauya suna. Can gefe kuma wani ƙato ne a ɗaure, bututun hayaƙi a bakinsa. Shi ne wanda da rana yake yi wa jama'a alkawarin wuta, ƙaninsa kuma yana shigo da janaretoci jirgi-jirgi.

Mamuda ya san fuskokin nan duka. Hotunansu ne rataye a barandar ofishinsa, kullum sai ya wuce su. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Suka shiga wani dogon ɗaki. Maza ne durƙushe cikin manyan riguna, kowanne ya cije tocila da haƙora, yana haska wata mata mai naƙuda. Muƙamuƙansu sun ƙage, batir yana mutuwa, haihuwar kuma ba ta zuwa.

"Su kuma fa, Baba?"

"Masu danna maɓalli ne. Sun kunna ƙwai ɗaya, aka yi kiɗa, da magariba aka loda janareta a mota. Mutanen gari kuwa sun gaskata. Asibitinsu ya jingine fitilun ƙwai, aka rubuta a birni cewa garin ya samu wuta, aka cire shi daga layin masu jira. Waɗannan matan a duhu suka cika."

A ƙarshen sahun akwai wuri ɗaya babu kowa, an ajiye sabuwar tocila a kan tabarma. Mamuda bai tambayi ta wane ne ba.

"Baba, duk cikinsu babu wanda ya kuɓuta?"

"Akwai ɗaya. Ya tsaya gaban jama'a ya ce babu wuta. Bai ga damina ta biyu a kujerar ba, ko hotonsa ba a rataye ba."

"To wutar ta zo bayansa?"

"Ba ta zo ba."

Mota ta faɗa rami, Mamuda ya farka sharkaf da gumi, muƙamuƙinsa na ciwo. Sun iso. Ga rumfa, ga makaɗa, ga mata da goyo sun yi layi suna kallon ƙwan da aka rataye a jikin turke. Ƙarƙashin kiɗan yana jin gurnanin janareta daga bayan makaranta.

"Salele, je ka kashe shi."

Salele ya waigo, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, a yi wa Allah. Ko hotonka na baranda ba a karɓo daga wurin mai sa gilashi ba."

Mamuda ya buɗe ƙofa. "Ka ce wa mai gilashin ya bar hoton," ya ce. "Ba za a rataye shi ba."